Linzami da Kunama: Hannun Ɗan Adam da Mariƙin Ƙaramar Bindiga a Tarihin Damagaram

Duk wanda ya ratsa unguwar Kara-Kara da ke gefen birnin Zinder, in dai mai lura ne, abin da zai fara tsaya masa a rai shi ne hannuwa. Akwai hannuwan tsofaffi waɗanda kuturta ta lanƙwashe ko ta gutsure, domin asalin unguwar wuri ne da aka ware wa kutare nesa da idon jama'a, kafin makafi da mabarata da sauran waɗanda gari ya ƙyamata su biyo sawunsu. Akwai kuma hannuwan jikokinsu, samari majiya ƙarfi, masu fasa dutse da ɗaga ƙarfe, waɗanda duniya ta gani a cikin fim ɗin Zinder da Aïcha Macky, ƴar garin, ta fitar a 2021. Hannun tsohon ya rasa ƙarfin riƙo, na saurayin kuwa ƙarfi ya yi masa yawa, amma dukansu suna fuskantar tambaya guda a duk lokacin da suka ɗauki guduma ko wuƙa ko cokali: shin abin riƙon ne aka yi domin hannu, ko hannun ne zai wahala ya bi abin riƙon?

Wannan tambaya tana da tarihi a ƙasar Damagaram, kuma babu inda ta fito fili kamar a kan makami. Ɗalibin da ya yi karatun tarihin ƙasarsa zai iya faɗin yawan igogin Sarki Tanimu da ka, zai iya kawo shekarar da aka yi yaƙin Tirmini, sai dai da wuya a taɓa tambayarsa yadda aka riƙe waɗannan makamai, ko hannun wa aka auna lokacin da ake ƙera su. Alhali kuwa makami ba ya harba kansa. Tsakanin albarushi da abin da aka auna akwai ɗan guntun itace ko ƙarfe da tafin hannu ke damƙa, wanda ake kira mariƙi, kuma a kansa ne dacewa ko kuskure ke farawa.

Bindigogin Tanimu da hannun bawa

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi. Mai Idris Aloma na Barno ya yi amfani da ƴan bindigar da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16, Tarihin Kano kuma ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, a farkon rabin ƙarni na 18. Amma Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya dawo kan gadon sarauta a 1851 ya zauna har rasuwarsa a 1884, shi ne ya mayar da ita ginshiƙin mulki. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igogi a cikin gari, aka riƙa haɗa albarushi a gida, fataken Tarabulus da Gadamus kuma suna kawo abin da ba a samu a ƙasa. Marubuta tarihi sukan ba da adadin bindiga 6,000 da igwa 40. Ko da an ce masu ba da labari sun ƙara gishiri, maƙwabta dai sun ji a jikinsu, daga Gumel har Muniyo, shi kansa Shehun Barno ya san cewa wannan talakan nasa ya fi ƙarfin a aika masa da umurni kawai.

Abin lura shi ne waɗanda aka danƙa wa bindigogin. Galibinsu bayin sarki ne da ke yaƙi a ƙasa. Ɗan sarauta da babban bafade suna kan doki, da mashi da takobi, wani da sulke, wani da lifidi. An sha fassara wannan da girman kai, wai manya suna ganin bindiga makamin wanda ba ya iya tunkarar abokin gaba ido da ido ce. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai dalilin da ya fi wannan sauƙi, wato lissafin hannuwa. Doguwar bindigar ɗuri tana cinye hannu biyu: a zuba albarushi ta baki, a tura dalma, a danna da sanda, a gyara ƙanƙara, sa'an nan a ɗaga. Mahayi kuwa hannu ɗaya kawai yake da shi na kansa, domin hagunsa na linzami ne, kuma linzamin dawakin wannan ƙasa mai kaifi ne, ba a sakinsa a tsakiyar sukuwa. Saboda haka aka yi rabon aiki: mai hannu biyu a sake ya ɗauki bindiga, mai hannu ɗaya ya ɗauki mashi.

Shi ma ɗan bindigar ba irin riƙon da ake gani a yau yake yi ba. Yawancin bindigogin da fatauci ke kawowa Afirka ta Yamma masu araha ne, ƙarfensu ba abin amincewa ba ne, ga kuma al'adar cika musu albarushi fiye da kima don ƙarar ta tsorata doki. Wanda ya san bututun na iya fashewa ba zai kai shi kusa da idonsa ba. Sai ya riƙe ta daga ƙugu ko ya miƙa hannuwa nesa da fuska, ya kau da kai, ya ja kunama. Hannun hagu da ke tallafe da bututun shi ke biyan bashin idan abin ya ɓaci. Har yanzu mai kallon hawan salla a ƙofar fada zai ga burbushin wannan riƙo a wurin ƴan bindigar sarki, waɗanda aikinsu a yau ƙara ce da hayaƙi.

Kyautar sarakuna

Ƙaramar bindiga ta shigo ne ta wata ƙofa dabam, ƙofar kyauta. A Turai ma asalinta makamin mahayi ce: tun ƙarni na 16 sojan doki na Jamus ke rataya biyu a gaban sirdi, su harba ɗaya, su mayar, su zaro ɗayar. Domin haka aka yi mata mariƙi siriri mai tsawo, mai dunƙulen kai a ƙarshe, yadda za a iya fizgo ta daga kube da hannu guda, in ta ƙare kuma a juya ta a yi duka da ita. Babu wanda ya tanadi wurin hannu na biyu a jikinta, tun da hannu na biyun yana can yana fama da doki. Irin waɗannan ne suka ƙetaro Sahara a cikin kayan Larabawa, wasu da adon azurfa.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karimu, ya sauka Zinder a ƙarshen Disamba 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu 1853 ya nufi yamma. Da ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, abin da ya fi faranta wa sarkin rai a cikin kyaututtukan shi ne ƙananan bindigogi biyu masu ado. Da ya isa Tumbutu kuma, libarba ƙirar Colt mai harbi shida da yake ɗauke da ita ta zama abin mamaki a wurin mutanen Shaihu Albakkay. Wannan ya nuna matsayin ƙaramar bindiga a idon manyan wancan zamani. Abar alfarma ce kamar alkyabba ko agogo, ana nuna ta, ana harba ta ranar biki, amma ba a gina runduna a kanta ba.

Shi wannan Barth ya bar wani bayani da ya fi dacewa da zancen mariƙi. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shiga Kano a kowace shekara, akasarinsu daga Solingen ta Jamus. Ruwan kawai ake kawowa, tsirara. A nan ƙasar ake yi masa ƙota da kube, maƙeri ya ɗora, baduku ya naɗe da fata, kuma dukawan Zinder sun yi suna a wannan aiki har gobe. Masu tara tsofaffin makamai a Turai sukan yi mamakin ƙanƙantar mariƙin takobin Buzaye da Hausawa, wai hannunsu ba ya shiga. Ai ba don su aka yi ba. An yi shi ne daidai tafin mai shi, ya matse tsakanin kai da gindi yadda takobin ba zai yi wasa a hannu ba idan an kai sara. Haka abin yake ga gatari da fartanya da hauyar tsaye ta noman yashi: manomi yakan je wurin masassaƙi ya damƙi ƙota, ya jinjina, ya ce a rage nan, a bar can. Ƙarfen na iya zuwa daga ko'ina, amma wurin riƙo na gida ne.

Libarba ta karya wannan tsohuwar yarjejeniya. Mariƙinta ba itace ba ne zalla da za a sassaƙe yadda aka ga dama. A cikinsa akwai ƙashin ƙarfe da ya haɗe da jikin bindigar, akwai kuma majanyin ƙarfe mai harba guduma. Itacen ɓawo ne kawai a gefe biyu. Tazarar da ke tsakanin bayan mariƙi da kunama an yanke ta tun daga masana'anta, baduku na iya ƙara kauri da fata, amma ba mai iya ragewa. Karo na farko ke nan da makamin hannu ya iso ƙasar nan yana cewa: ga girmana, hannunka ya san yadda zai yi.

1898 da 1899

Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zinder, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya yi zargin Bafaranshen na kan hanyar ƙulla amana da Rabe, mutumin da ya ci Barno a 1893. Ba da harsashi aka kashe su ba, da kulake ne, aka jefa gawawwakin cikin rijiya. Bayan shekara guda da ƴan watanni ragowar rundunar Voulet da Chanoine ta iso, bayan ta bar kufai da gawawwaki daga Lugu zuwa Birnin Ƙonni, bayan kuma Voulet ya sa an harbe Kanal Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, shugabannin nata biyu su ma sojojinsu sun harbe su cikin kwana uku. Laftana Pallier ne ya ja rundunar zuwa Tirmini, yamma da Zinder, a ƙarshen wannan wata. Dawakin Damagaram suka yi karo da wutar da ba ta yankewa, aka watse, Faransawa suka shiga Birni, aka bi sarki aka kashe shi a Rumji cikin Satumba.

Ba ƙaramar bindiga ce ta ci Tirmini ba, kuma duk wanda ya ce ita ce ya yi wa tarihi ƙarya. Bindigar Gras ta 1874 ce, mai ɗuri ta baya da harsashi mai kwanson ƙarfe, a hannun sojan Afirka da aka horar su kafa gindinta a kafaɗa, su ɗora kunci, su auna, su harba tare bisa umurni. Ga kuma dokar Brussels ta 1890 da ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da Damagaram ke ciki, ta bar musu na ɗuri. Bambancin bai tsaya ga ƙarfe ba. Ɗaya ɓangaren ya amince da makaminsa har yana manna shi da fuskarsa, ɗayan kuwa yana tsoron nasa kamar yadda yake tsoron na abokin gaba.

Libarba tana ɗamare ne a ƙugun hafsa, kuma aikinta na fari shi ne nuna wane ne mai ba da umurni. Sojan Faransa na lokacin suna da iri biyu, dukansu daga masana'antar gwamnati ta Saint-Étienne: ta 1873 mai harsashi milimita 11, mai nauyi fiye da kilo guda, da ta 1892 mai milimita 8, wadda ta fi ta sauƙi. Kowace na cin harsashi shida. Mariƙin ta 1892 siriri ne, mai zagaye, da zobe a gindi inda ake ɗaura igiya don kada ta faɗi daga kan doki. Gangarta kuma tana buɗewa ta dama, saɓanin yawancin libarbobin duniya da ke buɗewa ta hagu, abin da masana makamai ke dangantawa da bukatun sojan doki mai takobi. Ashe dai hafsan da ya zo daga Faransa da barden da ya tare shi a Tirmini lissafinsu ɗaya ne: hannu guda na dabba, hannu guda na makami. A shekarun da suka biyo baya, musamman daga 1911 zuwa 1926 lokacin da Zinder ke babban birnin ƙasar Nijar, talaka ya san libarba a ƙugun kumandan, amma taɓa ta bai zama rabonsa ba.

Abin da hannu ke iyawa

Kafin a fahimci dalilin da ya sa girman mariƙi ya zama magana, sai an dubi hannun kansa. A 1956 wani likita ɗan Ingila, John Napier, ya raba riƙon ɗan Adam gida biyu. Akwai riƙon ƙarfi, inda yatsu ke naɗe abu su matse shi da tafi, kamar riƙon taɓarya ko ƙotar gatari. Akwai riƙon hikima, inda kan yatsu da babban yatsa ke aiki a hankali, kamar riƙon allura ko alƙalami. Yawancin kayan aiki ɗaya suke nema daga cikin biyun. Ƙaramar bindiga kuwa tana neman duka a lokaci guda daga hannu guda: yatsu uku na ƙasa su damƙe kamar masu riƙon taɓarya, manuniya kuma ta ja kunama a natse kamar mai ɗinkin hula. Matsalar ita ce yatsun ba ƴantattu ba ne daga juna, jijiyoyin da ke lanƙwasa su daga tushe ɗaya suke a damtse. Mai karatu na iya gwadawa: ya miƙe yatsunsa ya lanƙwasa manuniya da ƙarfi, zai ga na kusa da ita na motsi ba da izininsa ba. Wannan ɗan motsi, idan ya auku a daidai lokacin harbi, ya isa ya karkatar da bakin bindiga, kuma kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba a hannu takan zama taki guda ko fiye a wurin da harsashi ya sauka.

A nan ne girman mariƙi ke shigowa. Idan ya yi wa hannu kauri, manuniya ba ta kai wa kunama daidai, sai mai harbi ya murɗa tafinsa gefe don ta kai. Da zarar ya yi haka bindigar ta bar layin damtsensa, shurinta ya daina sauka a tsakiyar tafi ya koma kan gindin babban yatsa, sai ta riƙa tsalle tana karkata bayan kowane harbi. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Idan kuma mariƙin ya yi siriri, yatsu sukan zagaye shi har su taɓo tafi, manuniya ta wuce cikin kunama fiye da kima ta riƙa jan bindigar gefe. Wannan na biyun bai dami kowa ba sosai muddin hannu ɗaya ake amfani da shi. Ya zama aibi ne ranar da hannu na biyu ya zo neman wurin zama ya tarar babu.

Ranar kuwa ta yi jinkiri ƙwarai. Doki ya bar fagen fama, amma al'adarsa ta zauna: har bayan Yaƙin Duniya na Biyu ana koya wa soja da ɗan sanda su tsaya a karkace, su miƙa hannu guda, ɗayan a aljihu ko a ƙugu, tamkar linzamin na nan. Fairbairn da Sykes, waɗanda suka horar da ƴan sandan Shanghai, sun ba da shawarar haɗa hannu biyu idan abin harbi na da nisa a littafinsu na 1942, amma abin bai zama ƙa'ida ba. Sai a 1959 wani ɗan sanda na yankin Los Angeles a Amurka, Jack Weaver, ya shiga gasar saurin harbi a Big Bear Lake inda kowa ke harbi daga ƙugu da hannu ɗaya. Shi ya haɗa hannu biyu, ya ɗaga bindigar zuwa idonsa, ya cinye gasar. Jeff Cooper ya yaɗa salon, sannu a hankali rundunonin duniya suka karɓa. Bahaushe da ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka zai yi mamakin yadda aka ɗauki ƙarni huɗu kafin a gane haka.

Hikimar hannu na biyu ita ce raba aikin nan biyu da Napier ya bambanta. Hannun tallafi ya ɗauki kaso mai yawa na riƙon ƙarfi, hannun harbi ya sassauta kaɗan, manuniya ta sami ƴancin yin aikinta. Amma hakan ba ya yiwuwa sai tudun tafin hannun tallafi ya sami fili a jikin mariƙi ya manne da shi. In yatsun hannun farko sun rufe filin, hannu na biyu hannu yake riƙe da shi, ba bindiga ba. Wanda ya ɗauki libarbar 1892 a yau ya gwada mata riƙon zamani zai ga haka nan take. Ga kuma haɗari: tsakanin ganga da bututu akwai ƴar tazara da wuta ke fita ta cikinta, duk yatsan da ya kai wurin zai ƙone. Masu ƙera ta ba su taɓa zaton wani yatsa zai je can ba.

Masana'antu sun daɗe suna jan ƙafa. Sojan Amurka sun gyara fistol ɗinsu ta 1911 a shekarun 1920, suka gajarta kunama, suka rage ƙarfen da ke bayanta, saboda masu gajerun yatsu. Daga baya sai aka koma wa kauri, domin son cusa harsashi da yawa cikin mariƙi: Browning ta 1935 na cin 13, Beretta da Amurka ta ɗauka a 1985 na cin 15 a jere biyu, kuma an sha kukan cewa ta yi wa masu ƙananan hannuwa girma, musamman da mata suka yawaita a aikin soja da na ƴan sanda. A ƙarshen shekarun 1990 ne kamfanin Walther ya fitar da P99 mai bayan mariƙi da ake cirewa a sauya, Glock ya bi sahu a 2010, a 2017 kuma sojan Amurka suka zaɓi fistol ɗin SIG Sauer mai mariƙi girma uku. Wato bayan dogon zagaye an dawo inda masassaƙin kasuwar Dole yake tun fil azal: a rage nan, a bar can. Duk hukumar da ta sayo wa ma'aikatanta girma ɗaya tak, ta raba wa dogo da gajere, mace da namiji, ta san cewa wasunsu za su rataya abin da ba su iya sarrafawa, kuma harsashin da ya kauce a cikin kasuwa ba ya tambayar wa ya yi odar.

Komawa Kara-Kara

Shekarar 1873 da aka fitar da libarbar Saint-Étienne, ita ce shekarar da likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar kuturta. Cutar tana kama jijiyoyin ji da motsi, kuma wadda ta fi kamawa a hannu ita ce mai bi ta bayan gwiwar hannu, wadda ke kula da ƙaramin yatsa da na kusa da shi da ƙananan tsokokin tafi. Waɗannan kuwa su ne ƙashin bayan riƙon ƙarfi. Idan ta mutu sai yatsu su ƙandare su lanƙwashe, abu ya riƙa zamewa. Mutane sun daɗe suna zaton cutar ce ke cin yatsu da kanta. Likita Paul Brand, wanda ya fara aiki da kutare a Vellore ta Indiya a ƙarshen shekarun 1940, ya nuna ba haka ba ne. Hannun da ba ya jin zafi ba ya sanin ya matse fiye da kima, ba ya sanin ƙota ta yi masa kanta ko tsini ya shige shi. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi. Mai lafiya yakan sauya riƙo sau da yawa ba tare da ya sani ba, don fatarsa na gaya masa inda ya yi zafi. Kuturu ba shi da mai gaya masa. Saboda haka, ban da tiyatar da Brand ya yi ta dasa jijiyoyi, ya mai da hankali ga kayan aikin majinyatansa, ana kaurara mariƙi, ana shafe kaifi, ana daidaita kowane da hannun mai shi.

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke kashe ƙwayar cutar, daga 1995 kuma ana ba da su kyauta, sai dai magani ba ya mayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Tsofaffin Kara-Kara da suka kamu kafin wannan zamani sun rayu da hannuwan da suka rage musu, kuma ba su jira Vellore ba. Wanda yatsunsa suka gaza yakan haɗa tafi biyu ya tallafi moɗa, ya ɗaure cokali da tsumma, ya kaurara sandarsa har ta cika abin da ya saura na tafinsa. Riƙon hannu biyu da aka yi wa biki a Kaliforniya a 1959, a nan larura ce ta kowace safiya.

Jikokin nasu ba su gaji cutar ba, sun dai gaji sunan unguwar, wanda ya daɗe yana rufe musu ƙofar lakwal da ta aiki. Ƙungiyoyin samarin da ake kira fale, waɗanda suka tayar wa Zinder hankali a shekarun 2000 da 2010, da wuƙa da adda da gora aka san su, tabon da ke jikinsu ma na kaifi ne. Amma tun rushewar Libiya a 2011 ƙananan makamai suka yawaita a hanyoyin Sahara, waɗanda fataken Gadamus suka bi a zamanin Tanimu, kuma finafinai sun koya wa kowane yaro yadda jarumi ke karkata fistol da hannu ɗaya yana harbi yana gudu. Ƙarfin damtsen da aka tara da ɗaga ƙarfe ba ya maganin wannan. Mai matse mariƙi da dukan ƙarfinsa shi ne manuniyarsa ta fi ƙin yi masa biyayya, wanda ke tsaye a gefe kuma shi ke kwasar abin da ya kauce.

A wuraren fasa dutse da ke kewayen unguwar, inda da yawa daga cikin samarin ke neman abin kai wa bakin salati, guduma takan zo daga kasuwa da ƙota irin ta kowa. Kafin ta yi mako guda mai ita ya yanko robar tsohuwar tayar keke ya naɗe ta, ya ƙara kauri inda tafinsa ke zama, ya bar wurin hannun hagu a ƙasa, har ta kai idan abokin aikinsa ya are ta yakan dawo da ita da wuri, ya ce ba ta zauna masa ba.